Mabuɗin Gidan Fatake

A cikin Zangon Kumasi, a bakin hanyar da motocin Arewa suke bi su gangara kasuwa, akwai wani tsohon gida mai faffaɗan zaure. Kwanon rufinsa ya yi ja don tsatsa, bangonsa na ƙasa ne da aka shafe da siminti daga baya, ƙofarsa kuwa tana da faɗi har mutum biyu masu kaya a ka suna iya wucewa tare. Samarin unguwa suna ce da shi gidan fito, gama da yamma akan ga mutane zaune a kan benci a bayan gidan, kowa da ƙoƙonsa a hannu. Tsofaffi ba su taɓa kiransa haka ba. Su gidan fatake suke cewa, ko da yake falke na ƙarshe da ya kwana a zauren ya daɗe da komawa ga Mahaliccinsa. Mutum biyar ne suka riƙe mabuɗin gidan tun da aka gina shi, uku Hausawa Musulmi, biyu kuwa Kiristoci 'yan ƙabilar Frafra. Yadda mabuɗin ya bi hannu zuwa hannu, dattawan masallaci da na ikkilisiya duk bakinsu ɗaya ne a kansa. Abu guda ne kaɗai suke gardama a kai har wa yau, mai karatu kuwa zai iske shi a gaba.

Goro ne ya fara kawo baƙi ƙasar nan. A kurmin Asante, waɗanda Hausawan dā suke kira Tonawa, itacen goro yake tsirowa, masu cinsa kuwa suna can Kano da Sakkwato da Barno. Saboda haka ayari yakan tashi daga ƙasar Hausa da jakai ɗauke da kanwa da turkuɗi da fatu, madugu yana gaba, su haye Kwara, su ratsa Borgu, su bi ta Yendi, bayan watanni su sauka a Salaga ta ƙasar Gwanja. Nan ne iyakarsu, gama sarakunan Asante ba su yarda fatake su shiga kurmi su sayi goro a gindinsa ba. Inda ayari ya sauke kaya ya kwana shi ake kira zango, daga nan ne kuma sunan unguwannin baƙi na dukan ƙasar Ghana ya samo asali.

A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, Salaga ta fita daga hannun Asante, goro ya daina isa can kamar dā, ciniki ya karkata zuwa Kintampo da Atebubu. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, mutanenta da yawa suka gudu Kete-Krachi, a cikinsu har da Alhaji Umaru, shahararren malamin nan mai waƙoƙi, haifaffen Kano. A 1896 Turawa suka sāke shiga Kumasi da sojojin Hausawa, suka kama Sarki Prempeh na Ɗaya. Bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 sai ƙofar da ta daɗe a rufe ta buɗe wa kowane baƙo.

Cikin waɗanda suka shigo a kwanakin nan akwai wani Bakano wanda ya yi dillanci a Salaga, ya rasa kome a yaƙi, ya zauna Kete-Krachi 'yan shekaru. Shi ne ya gina gidan, da ƙasa da rufin ciyawa, ya fara da zaure kafin ɗakin kwanansa. A ƙasar Hausa akan ce da mai irin wannan sana'a fatoma, amma a Zango maigida kawai ake cewa, kowa kuwa ya san abin da ake nufi.

Aikin maigida ya wuce ba da wurin kwana. Falke yakan iso garin da bai san harshensa ba, bai san farashin ranar ba, bai kuma san wanda zai cuce shi ba. Maigida ya sauke shi, ba ya karɓar ko anini na ɗaki, matansa su aiko da tuwon dare. Ya ajiye masa kayansa, ya kulle masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta da Tonawa. Ladansa la'ada ce daga cinikin da aka ƙulla a ƙarƙashin inuwarsa. Goro kuma kaya ne mai son reno. Dole a buɗe huhu lokaci lokaci, a tsince wanda sankara ta taɓa, a sāke ɗanyen ganye, a yayyafa ruwa, in ba haka ba ƙwarya ɗaya mai ciwo ta lalata sauran. Yaran maigida ne suke wannan aiki. Amma babban abin da maigida yake sayarwa shi ne sunansa. Idan aka ba da kaya bashi, shi yake tsayawa lamuni, mai saye ya gudu kuwa, shi zai biya. Baƙo ba ya bin kowa bashi a garin, maigidansa yake bi.

Maigida na fari ya sayi wani akwatin ƙarfe mai nauyi ya kafa shi a ƙuryar ɗakinsa. Ba ya rubutun boko, amma yana da na ajami, kowane ƙunshin kuɗi da 'yar takarda mai sunan mai shi da garinsa. An ce wani falke ya bar masa ajiya ya tafi, ya rasu a hanya, sai bayan shekaru ɗansa ya zo, ya iske kuɗin sun ƙaru, gama maigida ya juya su a cinikin goro ya rubuta ribar a kan sunan mamacin.

Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903. Tun daga nan hanyar goro ta juya ta fuskanci teku: a loda shi a jirgin ƙasa zuwa gaɓa, jirgin ruwa ya kai shi Ikko, bayan an buɗe hanyar jirgi zuwa Kano a 1912 kuwa sai ya ƙarasa gida cikin kwanaki kaɗan. Alhassan Dantata yana cikin waɗanda suka fara bin wannan hanya ta ruwa. Jakai suka ragu, amma baƙi suka ƙaru. Da maigida ya ga ya kafu, sai ya aika Kano aka kawo masa ɗansa, saurayi, shi ne ya zama maigida na biyu.

A zamanin ɗan nan aka yi annobar 1924, wadda ɓeraye suke yaɗawa. Gwamnati ta rushe gidaje a Zango, daga bisani aka gina Sabon Zango. Gidan fatake ya tsira, sai dai an kware ciyawar an sa kwano. Sarkin Zango a lokacin shi ne Malam Salau Katsina, wanda ya riƙe sarauta daga 1919 zuwa 1932, a gabansa kuma ake kai ƙarar bashi tsakanin baƙi. Amma maigidan kirki yana ƙin a ji sunan gidansa a wurin shari'a, gama falke ba ya komawa gidan da aka taɓa kai shi ƙara.

Sannu a hankali cinikin goro ya ja baya, domin Yarabawa sun dasa irin na Asante a ƙasarsu, a wajajen Shagamu, har suna kiransa gbanja, wato na Gwanja. Mutanen Kano suka sami goro kusa da gida. Maigida na biyu ya koma saukar da masu shanu. Shanun sukan taho da ƙafa daga ƙasar Mosi da ta Mali, su bi ta Bolgatanga da Tamale, a haye da su Volta a Yeji, su iso Kumasi a rame. Mahauta sukan ɗauka bashi, su yanka, su sayar, sa'an nan su biya. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna da masu gidajen kasuwar shanun Kumasi, ta buga bayanin wannan tsari a 1966.

Wata shekara wani mahauci ya ɗauki shanun wani Bafillace a kan lamunin maigida, ya yanka, ya ɓace. Maigida bai ce wa baƙonsa ya yi haƙuri ba. Ya sayar da filin da ya saya domin 'ya'yansa, ya ƙirga wa Bafillacen kuɗinsa cif, ya raka shi tasha. Matansa suka yi kuka, 'yan'uwa suka ce ya yi wauta. Da rani ya kewayo, Bafillacen ya komo da 'yan garinsu, dukansu suka sauka a zauren.

A kwanakin nan ne kuma wani yaro ya iso daga wajen Bolgatanga. Koko ya riga ya mai da ƙasar Asante wurin neman kuɗi, samarin Arewa suna gangarowa kowace shekara domin ƙwadago a gonaki. Yaron nan ya biyo masu kora shanu, ƙafafunsa a kumbure, ba ya jin Hausa, ba ya jin Tonanci. Maigida ya gan shi kwance a gindin bango, ya ce a ba shi fura, a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Kwana uku aka ce zai yi, ya shekara fiye da hamsin. Ya koyi Hausa a bakin fatake, ya zama mai ɗebo ruwa, ya zama mai kai shanu kasuwa, ya zama mai riƙe mabuɗin ɗakin ajiya. Da ya shiga ikkilisiya aka yi masa baftisma, ya zo da tsoro ya faɗa wa maigida. Maigida ya ce, “Yaro, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ran Lahadi ka tafi sujadarka, ran Juma'a kuwa ka tsare mini gida.” Haka aka yi. A ajin yamma na ikkilisiya ya koyi karatu da lissafi, ya auri 'yar garinsu, aka ba su ɗaki a bayan gida.

Maigida na uku, jikan mai ginin, a cikin gidan aka yanke cibiyarsa. Ya je Makka, ana ce da shi Alhaji, bai taɓa ganin Kano ba sai a bakin baƙi. Amma a zamaninsa ne aka fara tambayar da ba a taɓa yi wa kakansa ba: kai ɗan wace ƙasa ne? Ghana ta sami mulkin kai a watan Maris na 1957. Kafin shekarar ta ƙare gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Lardan zuwa Nijeriya, domin suna tare da 'yan hamayya. Su biyun sun ce a Kumasi aka haife su, suka kai ƙara kotu, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu. Mutanen Zango suka ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amma ba wanda ya san ruwan da zai shafa.

Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Alhaji ba shi da takardar haihuwa, uwarsa da ubansa kuma a Nijeriya aka haife su. Tashoshin mota suka cika da mutane da ƙunshin kaya. Aka riƙa sayar da gidaje da kekunan ɗinki da gadaje a kan kuɗin da bai kai na akuya ba. Gidan da ya shekara kusan saba'in yana saukar baƙi, ga maigidansa ya wayi gari shi ne baƙon.

Daren da za su tashi, Alhaji ya kira mutumin nan na Frafra cikin ɗaki, gama shi ɗan ƙasa ne, dokar ba ta shafe shi ba. Ya ce, “Yaron Baba, masu saye sun zo, na ƙi. Ga mabuɗin zaure, ga na akwati. Ka riƙe mini gida sai na komo.” Shi kuwa ya durƙusa ya ce, “Maigida, in ba ka komo ba fa?” Alhaji ya ce, “To, sai wanda ya zo da sunana.” Ba a rubuta kome ba, ba a kira mai shaida ba.

Haka bara ya zama maigida na huɗu, ko da yake har ya mutu bai yarda a kira shi haka ba, mai riƙo yake ce da kansa. Masu shanu suka daina zuwa, gama Alhaji suka sani, ba bango ba. Ya sa 'yan haya a ɗakunan, ya sayi littafin makaranta mai layi, yana rubuta kuɗin kowane wata, yana zuba su cikin akwatin ƙarfe. Daga ciki ba ya cire kome sai na gyaran kwano da harajin gida, su ma ya rubuta. Shi da iyalinsa kuwa ba su da abin ci, tun da aikin da yake yi ya tafi tare da mai shi.

Nan ne matarsa ta kafa tukwane a bayan katanga. Dafa fito sana'ar matan ƙasarsu ce: a jiƙa dawa ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a tace, a bar shi ya tashi. 'Yan Arewa masu dako da masu gadi da masu aikin gona suka riƙa zuwa, domin a nan ne suke jin harshensu, su sami labarin gida, su ba mai tafiya saƙo. Maƙwabta Musulmi suka ji zafi, suka ce gidan Alhaji ya zama mashaya. Dattawan ikkilisiya ma suka kira shi suka yi masa faɗa, kuma suna da hujja, gama an sha ganin magidanci ya zubar da albashinsa a kan bencin nan, 'ya'yansa suna kwana da yunwa. Mai riƙo bai musa ba. Abin da ya iya yi shi ne ya kafa sharuɗa: ƙoƙon fito ba ya ƙetare ƙofar zaure, ba a ba da bashi, ba a sayarwa ran Lahadi, ran Juma'a kuma sai an sauko daga masallaci. Wurin da fatake suke salla a zaure kuwa kullum yana a share, da buta cike da ruwa.

A farkon 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi daga Nijeriya, 'yan Ghana kimanin miliyan ɗaya suka komo gida, suka iske fari da gobarar daji da yunwa. Waɗansu daga cikinsu, 'yan Arewa da ba su da kuɗin ƙarasawa garuruwansu, suka kwana a zauren makonni. Mai riƙo bai karɓi ko kwabo ba. Ya ce shi ma a nan aka shimfiɗa masa tabarma.

Alhaji bai komo ba. Ya rasu a Kano, garin kakansa, inda ake ce masa ɗan Gwanja. Sai bayan da Nijeriya ta sāke buɗe iyakokinta a 1986 wani mutum ya yi sallama a ƙofar zauren, ya faɗi sunan ubansa. Da nufin sayar da gidan ya zo, in ya iske sauransa, gama a Kano an gaya masa an daɗe da cinye shi. Mai riƙo ya rungume shi, ya tuna masa ranar sunansa, sa'an nan ya fito da littattafai da akwati.

Lissafi ya cika, ba wata guda da ya ɓace. Amma kuɗin sun mutu a kwance. A 1979 an canja takardun sidi, gwamnati ta zabtare wani kashi na abin da kowa ya kawo. A 1982 an janye takardar sidi 50 daga hannun jama'a. A 1983 tsadar kaya ta ninka fiye da sau biyu cikin shekara guda. Hayar shekara 17 da aka tara da aminci ba ta isa sayen sa ɗaya ba. Tsohon ya sunkuyar da kai ya ce, “Ɗana, ban ci ba, amma sankara ta cinye a hannuna.” Magajin ya yi shiru, ransa a ɓace. Limamin unguwa ne ya kama hannunsa, ya zaga da shi layin, yana nuna masa gidajen da aka bari a 1969: wannan an sayar ba da sanin mai shi ba, wannan ya rushe, wannan ana shari'a a kansa. Da suka komo, magajin ya ɗaga kai ya dubi kwanon da ba ya yoyo. Kashegari ya mayar wa tsohon da mabuɗin, ya ce, “Baba, ci gaba da riƙo.” Suka shirya a gaban liman da wani dattijon ikkilisiya, wannan karon a rubuce: hayar ɗakunan gaba ta magada ce, bayan gida kuwa na mai riƙo ne da zuriyarsa.

Ga abin da dattawa suke gardama a kai. Waɗansu suna cewa mai riƙo ya gaza. Maigida na fari ya juya kuɗin mamaci har suka haihu, shi kuwa ya binne nasa a akwati don tsoro. Da ya sayi fili ko bulo da su, da magada sun sami dukiya. Amana, in ji su, kamar huhun goro take, wanda ya ƙi buɗe ta don kada a zarge shi, shi ma ya ɓata ta. Waɗansu kuwa suna cewa a duba bambancin mutanen biyu. Na fari attajiri ne mai suna a kasuwa, in ya yi hasara yana da abin biya. Na huɗu bara ne, ɗan wata ƙabila, mai wani addini, ba takarda, ba mai shaida, idon unguwa duka a kansa. Ran da ya sayi fili da kuɗin Alhaji, ran nan za a ce ya fara ci. Abin da yake da shi kaɗai shi ne a buɗe akwati a iske kome yadda aka bar shi. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, mai karatu ma in an taɓa ba shi ajiyar marayu ko kuɗin ƙungiya ya san nauyin kowace. Abin da ba wanda ya yi gardama a kai shi ne, gidan yana nan, kuma na masu shi ne.

Yau 'yar mai riƙo ce take da mabuɗin, ita ce ta biyar, ta kuwa manyanta. Ita take dafa fiton, da sharuɗan ubanta. Kuɗin haya ta waya take aika su Kano kowane wata, ba sa kwana a akwati. Shanu a manyan motoci suke zuwa, ɗan kasuwa yana jin farashi a wayarsa tun bai baro gida ba, ba mai bukatar maigida ya tsaya masa kamar dā. Amma motocin dare ba su daina sauke baƙi ba. Yawancinsu yanzu 'yan mata ne daga Arewa, masu zuwa dako a kasuwar Kejetia, da kwano a ka, ba su san kowa ba. Matar takan fito da asuba ta duba gindin bango. In ta ga wata a takure, takan ce, “'Yata, daga ina? Shigo daga ciki.” A zauren akwai tabarmi uku a naɗe da randar ruwa, ƙofar kuwa ba a sa mata sakata sai motar ƙarshe ta wuce.